Bibi Ta Ji Ƙamshinka a Ƙofa

Zuwa ga yayana Shaame, a Maskat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, Ya kuma rage maka tumbin da muka gani a hoto. Mu nan garin Wete lafiya lau. An shiga tsinkar kanumfari, duk bakin hanya tabarmi ne shanye. Baba yana gona. Mama ta ce in gaya maka ka yi aure, to na gaya.

Yaya, na jawo magana, zama ya gagare ni. Ka tuna turaren da kakarmu Bibi Mwanaidi ta haɗa maka kai kaɗai tun idonta na gani? Na tsinci ragowar kwalbar a akwatinka. Kada ka tambayi abin da ya kai ni akwatin. Turaren yana nan yadda ka san shi: da ka buɗe, masoro da kanumfari su tsunkule ka a hanci, can kirfa ta biyo baya da ɗan zaƙinta, sai ya kwanta ya bar sandal da itacen udu, ƙamshin nan mai kama da tsohuwar ƙofa bayan ruwan sama. Na shafa, na sa takalmanka masu ƙara, na wuce ta gaban ɗakinta da irin takunka na masu kuɗi, ban ce uffan ba. Nufina ta kira sunanka, in fashe da dariya, ta jefe ni da mafici yadda muka saba.

Ba ta kira ba. Sai ta tambayi Mama me ta yi wa Shaame da zai shigo gari ya wuce ƙofarta babu sallama. Tun ranar take zaune a bakin ƙofa, hancinta a hanya. Shinkafa da kwakwa ma sai ta tsakura ta ture. Na durƙusa na ce mata ni ne na wuce, na miƙa mata hannuna. Ta sunsuna, ta ce in tashi in ba ta wuri, wai a jikina turaren nan ƙarnin kifi yake yi, kanumfarin ya yi tsami, amma wanda ya wuce sandal ɗinsa a kwance yake, kuma fata ɗaya ce duk duniya take kwantar da shi haka. Na rantse, ta ce yaushe rantsuwata ta fara tsada. Na kawo malaminmu na allo ya shaida, ta ce ai shi ya fi kowa sanin ƙaryata.

Da na ce za mu buga maka waya, sai ta ce waya ba ta da wari. Wani lokaci ina zargin tsohuwar nan ta gane ni sarai, tarko ta ɗana mana mu duka. Amma Yaya, jiya na riƙe hannunta, ƙashi ne zalla. Ko da wasa take, ramar ba wasa ba ce. Ka nemi hutu ka taho kafin a kwashe kanumfari. Kada ka tsaya sayen tsaraba.

Baba da Mama suna gaishe ka, haka 'yar'uwarmu Mwanakombo da yaranta, da kawu Faki. Bibi ta ce ba ta gaishe ka, tunda kana gari, ka zo da kanka.

Ƙaninka mai ƙarnin kifi,
Pandu