Laya a Cikin Akwatin Injin Ruwa

Daren Talata, Gwaram, tsakiyar bazara

Barci ya ƙi zuwa. Tun hantsi nake fama da akwatin kunna sabon injin ruwan garin nan. In na danna maɓalli sai jar fitila ta kama, inji ya yi gurnani ya mutu. Na canja fis, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. Ga mata da tuluna sun zuba min ido.

Da la'asar na kwance murfin baya. Ashe laya aka cusa a ciki, ta tokare ƙarfen da ke haɗa wuta! Ina zare ta inji ya tashi, ruwa ya ɓalle.

Baba maigadi ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, ni na sa ta saboda bakin mutane. Mayar da ita."

Na ɗaure masa ita a ƙofar akwatin, ta waje. Kallona kawai ya yi. Yanzu na tuna ɗayan makullin akwatin yana aljihunsa, ni kuwa da sassafe zan hau motar Birnin Kudu.