Inna Tana Bayan Tangaraho

Malam mai ba da shawara,

Don Allah ka taimake ni, na rasa inda zan kai kukana. Da ajami na rubuta, shi kaɗai mahaifina ya koya mini, ku juya shi zuwa bokonku.

Ni mace ce a Jibiya, ina cikin takaba. Mijina Arzika ya rasu farkon damina. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Tun ranar na cire awarwaro, na bar kwalli da lalle, kuma ban ji nauyin ko ɗaya ba, don ya cancanci fiye da haka.

Gidan yanzu yana hannun wansa, Malam Ya'u. Tun da ya dawo daga karatu a gabas ya toshe ƙofar baya, ya hana mata zuwa rijiya, ko daka muke yi ba a lugude, kada maza su ji a waje. Da can Arzika ne ke tare mana wani abin. Yanzu babu shi.

Ran kasuwar da ta wuce Luba mai daddawa ta shigo ta gaya mini Innata na kwance, ko kunu ba ya wucewa, sunana kawai take kira. Ni kaɗai ce 'yarta mace. Ƙauyenmu yana nan arewa da gari, wanda ya fita da sassafe zai isa rana ba ta yi zafi ba. Sai dai Turawa sun kafa ƙarfen iyakarsu a tsakani, wanda muke kira tangaraho, wai daga nan ƙasar Faransa ce. A gefen gonar kawuna yake. Muna yara a jikin ƙarfen muke ɗaure akuya.

Na durƙusa wa Malam Ya'u har ƙasa. Ya ce mai takaba ba ta fita, balle ta tafi wata ƙasa, ƙasar ma da ake kiɗan bori a fili. Ya ce in na taka waje, Arzika zai ji a kabarinsa. Wannan maganar ce ta ɗaure ni, Malam. Ba tsoron Ya'u nake ji ba. Ina tsoron in cuci wanda bai taɓa cutata ba, ina kuma tsoron a rufe Inna ban riƙe hannunta ba. Takabar ko rabi ba ta yi ba. Na kasa ci, na kasa kuka a gaban mutane. Yaya zan yi?

Mai Takaba, Jibiya

AMSA

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba Inna lafiya.

Ban ɗauki Malam Ya'u mugu ba. Haƙƙin ƙanensa yake karewa, kuma takaba umarnin Allah ce, ba abin wasa ba. Amma ya ƙara mata abin da ba nata ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar shi ne, mai takaba ba ta kwana a wani wuri sai ɗakin mijinta. Fita da rana don larura kuwa an yarda mata, kuma ban san larurar da ta fi uwa a kwance ba.

Batun wata ƙasa shi ya ba ni mamaki. Shari'a nisan tafiya take dubawa da inda dare zai same ki, ba ta san tangaraho ba. Malamin da ke gudun komai na Nasara, yaya aka yi ya karɓi ƙarfensu ya mai da shi hukunci? Kiɗan bori kuwa ba shi za ki je saurare ba.

Arzika ba zai ji komai ba. Allah ba ya kama mamaci da takun mai rai, balle takun da ba laifi ba ne.

Kada ki fita a ɓoye, za a sami abin faɗa a kanki. Ki aika wa limamin gari, ya kira Malam Ya'u ya gaya masa tsakaninsu, don malami ya fi jin gyara daga malami in ba a gaban mata ba. In ya ƙi, akwai alƙali. Ki sa Luba ta gaya wa kawunki ya zo ya tafi da ke ran kasuwa, lokacin da masu gadin iyaka ba su cika tsare mutane ba. Ki tafi da kayan takabarki, ki dawo kafin magariba. Washegari ma ki koma, jibi ma haka.

Saura magana ɗaya, mai nauyi. Jarida ba ta da sauri, ciwo kuwa ba ya jira. In amsar nan ta same ki an riga an yi rashin, ki je duk da haka, da rana, ki zauna a ɗakinta a yi miki gaisuwa, ke ce 'yarta. Kuma kada ki taɓa cewa ke kika ƙi zuwa. Kin nemi hanya har inda mace ba ta saba nema ba, aka rufe miki.

Allah ya sa ki tarar da ita tana gane muryarki.