Baƙin da Suka Yi Zango a Yashin Rafi

Rawayau, Laraba, ƙarfe huɗu na yamma.

Yaya Sani,

Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya iyali? Muna lafiya.

Shekaranjiya wani Bature da matarsa suka yi zango a yashin rafinmu, cikin mota mai gado. Baba ya hango hadari, ya ce, "Kai mai Turanci, je ka tashe su." Baturen ya tambaye ni ko na tabbata ruwa zai zo. Na ce ban tabbata ba, sai suka yi zamansu a wurin. Jiya da hantsi rafi ya kawo, ya tafi da motar. Sun tsira, na sauke su a ɗakinka.

Ban san inda motar take ba, ko yaushe za su tafi, ko me ya hana ni cewa na tabbata. Ka sa mu a addu'a. A gai da yara.

Ƙanenka,
Lawal