Sukuru Ɗaya a Kowane Hinji

Litinin, 3 ga Maris

Na sake zuwa wurin Sai-gobe. Ni na sa wa ɗan kwangilar nan wannan sunan, kuma yau ma bai ba ni kunya ba. Na gama masa ƙofofin gidan tun kafin ruwa ya ɗauke, rabin kuɗina har yanzu a bakinsa yake. Ya ce wai mai gidan bai sallame shi ba, sai an sayar da gidan. Na ce ni ban san mai gida ba, kai ka kira ni aiki.

Abu ɗaya ke sanyaya min rai: sukuru ɗaya na ɗaura a kowane hinji, sauran suna cikin gwangwani a shago. Haka marigayi maigidana ya koya mana, kafinta ba ya cika sukuru sai an cika masa kuɗi. Ranar da aka raina maka hankali, ka kwance ƙofofinka ka yi gaba.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai katakon da ke bina bashi ya zo ya zauna a bencina, injin gogar katakona kawai yake kallo. Na gane karatun. In ban biya shi ƙarshen wata ba, injin zai ɗauka, in kuwa injin ya tafi shagon ya mutu. Masu taya ni aiki su ma sun fara gaishe ni ciki-ciki.

Talata, 11 ga Maris

Ƙanin uwar yara, wanda ke aiki a ofishin lauya, ya kai ni wurin ubangidansa. Ashe akwai takardar da ake shigarwa kotu a ɗaure gida, ba a sayar da shi ba a ba da shi jingina sai an biya wanda ya yi aikin. Lauyan ya tambaye ni yarjejeniyar da muka rubuta. Dariya ta kusa kama ni. Shekara da shekaru muna aiki da mutumin nan, hannu kawai muke gaisawa. Sai dai na kawo rasitan katako da saƙonnin waya, ya ce za su wadatar.

Na sa hannu. Na fito ina jin kaina kamar wani babba.

Uwar yara ta ce, mutumin da ya tsaya maka a asibiti lokacin da zarto ya ci yatsanka? Na ce asibiti daban, ciniki daban. Ta ɗauke kwanon gabana ban gama ba.

Asabar, 15 ga Maris

Shiru. Wayar Sai-gobe ma a kashe.

Laraba, 19 ga Maris

Sai-gobe ya zo shago da ƙafa. Ban tambayi motarsa ba, shi ma bai faɗa ba. Na shirya faɗa, har na tanadi maganganu, sai ya zauna kan buhun dusar katako kamar wanda ya zo gaisuwar rashin lafiya. Ya ce an samu mai saye, amma banki ya ga takardata ya janye rancen da zai ba mai sayen.

"Malam, ka ɗaure saniyar da za a tatsa a biya ka," in ji shi.

Na ce ai da ka biya ni da ba a kai nan ba. Ya ce gaskiya ne. Wannan ce ta fi ba ni haushi, da ya musa da na ji daɗi.

To ga inda muke: mai gida ba zai biya shi ba sai an sayar, ba za a sayar ba sai na janye takarda, ni kuma ba zan janye ba sai an biya ni. Kowa ya riƙe wuyan wani.

Juma'a, 21 ga Maris

Mai katako ya aiko a auna faɗin ƙofar shagona, wai don a san ko injin zai fita ba tare da an kwance shi ba. Raina ya ɓaci. Jibi zan kwaso ƙofofina, ko rabin kuɗi ne in sayar.

Lahadi, 23 ga Maris

Na ɗauki hayar mota, na sa sukundireba a aljihu. Babu maigadi, get a buɗe. Na zagaya baya don in fara da ɗakunan ma'aikata, sai na ga shanya a igiya. Kayan yara, da zanen tsohuwa.

Matar Sai-gobe ce ta fito. Ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi uwar yara. Ashe ya sayar da motar ya sallami magina da lebura, kuɗin hayar gidansu kuma ya biya mai fenti da shi. Mai gidan ya ba su aron ɗakunan baya kafin a sayar. Ita ba kuka ta kawo min ba, hira ce kawai, ta ɗauka na sani.

Ƙofar ɗakin da mahaifiyarsa ke kwance ta sunkuya. Dole ta sunkuya, sukuru ɗaya ba zai ɗauki buɗewa da rufewa kullum ba. Sun tokare ta da bulo, da daddare iska na shiga. Tsohuwar ta leƙo daga kan katifa, aka ce mata ai kafintan ne. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya kawo ka. Kullum ina gaya masa ya kira mai aikin, yana ce min sai gobe."

Na sallami mai mota, na biya shi kuɗin banza. Kunya ce ta kama ni, kuma ban san ta me ba, tunda ni ake bin haƙƙina... ni nake bin haƙƙina, nake nufi.

Litinin, 24 ga Maris

Na koma wurin lauya. Na tambaye shi ko ba wata hanya tsakanin janyewa da shaƙe mutum. Ya ce akwai: a zauna da mai gida da mai saye da banki, a rubuta cewa ranar ciniki a cire kasona a ba ni kai tsaye, a ranar ni kuma in saki gidan. Na ce me ya sa bai faɗa min tun farko ba? Ya ce ranar da na zo ba shawara nake nema ba. Mutumin nan bakinsa ba daɗi.

Mai katako ya yarda ya jira zaman. Da ƙyar.

Talata, 25 ga Maris

Takarda na nan, ban janye ba, kada wani ya ɗauka na yi laushi. Zaman sai mako mai zuwa, kuma ba tabbas banki zai yarda.

Na biya ta gidan da safe, hanya ce ta bi da ni. Ƙofar tsohuwar kawai na je gyarawa, don in ta ci gaba da sunkuyawa katakon zai karkace, asarata ce. Da na gama na ga ta kusa da ita ma tana rawa. Daga nan ban san yadda aka yi na shiga babban gidan ba.

Sai-gobe ne ya riƙe min ƙofofin ina ɗaurawa. Ba mu yi maganar kuɗi ba.

Da na dawo uwar yara ta ga gwangwanin a hannuna, ta karɓa ta girgiza, ba ƙara. Ta ce ina sukurorin? Na ce sun yi tsatsa ne, gara a yi amfani da su.