Yaya Mamman, Suna So A Kori Kocin Da Ka Kawo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana Mamman, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima. Na san takarda ba ta isa inda kake, kuma na san mutanen Isa da Sabon Birni za su karanta wagga kafin tawadarta ta bushe. Su karanta. Da kai nike magana.

Damina ta sake yaudararmu, Yaya. Ruwa ya sauka munka yi shuka, ya ɗauke, munka sake, ya sake ɗaukewa. Geron gonarmu ta hanyar Tozai ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Bara ma haka anka yi. Amma in ka zauna a bakin shagona na ɗinki, ba zancen gero za ka ji ba. Zancen Malam Ibro ne, kocin ƙwallon kwalejinmu, wanda kai ka kawo.

Ka tuna ranar da ka ɗauko shi daga Tozai a bayan babur ɗinka, da jakarshi guda da usur a wuya? Ka tsaya gaban shagona ka ce, "Umaru, ga mutumin da za shi hana Sabon Birni barci." Shekararshi ta farko kuwa ya hana su. Da ka rasu, magoya baya sunka ɗora mani shugabancin da ka bari, ba don na kai ka sanin ƙwallo ba, sai don ni ke ɗinka lamba a bayan rigunan yara.

To yanzu abin ya juye. Tun farkon zangon ga ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Yaran Turba, waɗanda da muke tausayinsu, sun yi kunnen doki da mu. Sabon Birni sunka zo har filinmu sunka zuba mana uku, sunka tafi suna buga ganga a bayan akori-kura. Ran nan na ga dattijo mai furfura ya cire takalminshi ya jefi Ibro da shi. Bai same shi ba. Ibro ya duƙa ya ɗauki takalmin ya aika a mai da mashi.

Ba za ni ɓoye maka ba, ni ma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ɗanka Nasiru, wanda ke hannuna tun da mahaifiyarshi Rabi ta koma gidansu a Turba, shi ne ɗan gaban da ya fi kowa gudu a kwalejin. Amma wasa bayan wasa, da an tafi hutun rabin lokaci sai Ibro ya fidda shi ya ajiye a benci. Ranar Sabon Birni ma haka ya yi, alhali Nasiru kaɗai ke tsorata golansu. Na tambayi yaron dalili, ya ce koci ya fi shi sani. Ka san halinshi, naka ne ya ɗauko, in ya rufe baki ko da sanda ba ka buɗe shi.

Sai kuma maganar Alhamis. Kowace Alhamis da yamma Ibro ba ya yin atisaye a fili. Yakan kwashi yaran su bi hanyar gulbi, su dawo dab da magariba ƙafafunsu duk laka. A shekarar da ƙasa ta tsattsage, ina sunka samo laka? Mutane sunka fara cewa bauta yake sa su, shi ya sa ranar wasa ba su da ƙarfi. Wasu sunka ce ya sayar da mu ga Sabon Birni, tunda matarshi tana da dangi can. Wanga na biyu ban yarda da shi ba, don rabin Isa na da dangi a Sabon Birni. Na farkon kuwa ya tsaya mani a rai.

Wani abu kuma ya ƙara dagula mani lissafi. Ka san Alhaji Sule, mai kai kaya Maraɗi ya dawo da wasu. Duk tsawon rayuwarka ka taɓa ganinshi a bakin fili? Mutumin da ya taɓa tambayarka ko gola ma ana biyanshi don tsayuwa kawai. To bana ya zama masoyin ƙwallo. Ya kawo riguna sabbi, ya yanka ma magoya baya rago a shekarar da mutane ke dafa ganyen tafasa su kwana. Kuma duk inda ya zauna sai ya sako zancen wani ƙanen matarshi da ya yi wasa a Maraɗi, wai shi ne za shi gyara mana ƙungiya. Sau biyu na gan shi da yamma yana zagaya gefen filin da ke bakin titi, inda manyan motoci za su ji daɗin tsayawa. Ban ji ya ce komi ba, ban kuma ce ya ce ba. Amma kai ka koya mani cewa ruwa ba ya tsami banza.

Na rasa wanda za ni zarga in huta. Sai wata Alhamis na rufe shago da la'asar na bi sawunsu daga nesa.

A fadama na iske su, can inda gulbi ya ƙafe ya bar rairayi. Sun haƙa rijiya gajeriya a cikin gulbin, suna jan ruwa suna ba albasa da rogo. Na san gonar, Yaya. Ta surukin Ibro ce. Na tsaya bayan wata giginya ina kallon ɗanka da guga a hannu. Da sunka gama, wata tsohuwa ta sauke babbar tukunyar wake da garin rogo, yaran sunka kewaye ta. Ban taɓa ganin cin abinci shiru irin wannan ba. Ba mai wasa, ba mai tsokanar wani. Bayan sun huta Ibro ya hura usur, sunka ɗan yi gudu cikin rairayi, sunka taɓa ƙwallo kaɗan.

Na fito na same shi. Ban ko amsa gaisuwarshi da kyau ba, na tambaye shi gonar wa ce.

Ya ce, "Ta surukina ce, Malam Umaru, kuma yana amfana, ban musa ba. Shi kaɗai na samu da ya yarda ya ciyar da su. Ka samo mani wani mai tukunya, gobe in kai su wurinshi."

Na ce to Nasiru fa, mi ya yi mashi da yake wulaƙanta shi gaban jama'a?

Ya ce, "Yaron ya faɗi a fili, ba sau ɗaya ba. Idanunshi sun juye, sai da munka zuba mashi ruwa. Ya roƙe ni kada in gaya maka. Ni kuwa ba za ni binne ɗan Mamman don in ci Sabon Birni ba."

Ka san abin da ya fara zo mani a rai? Cewa na yi ya san inda za shi taɓa ni ne, ya kira sunanka don ya rufe mani baki. Don a gidana Nasiru ke ci, kuma ko da an rage tuwo ba a taɓa hana shi rabonshi ba. Na dawo gida na sa ma yaron ido.

Ashe yaron ba ya cin rabin abin da ake ba shi. Hurar safe yakan sha kaɗan, dawon ya ƙulle a leda. Ɗan garin da innarshi, matata, ke auna mashi don makaranta yana tarawa. Ranar Juma'a sai ya ba wani direban motar Turba ya kai ma uwarshi da ƙannenshi. Da na tsare shi, bai yi gardama ba. Ya ce rumbun kakanshi ya ƙare tun kafin azumi, kuma uwarshi ta hana a gaya mana don kada a ce ta dawo roƙo gidan miji. Washegari na ɗora abin da ya sawwaƙa a babur na kai Turba da kaina. Rabi ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta karɓa.

Mako na zagayowa shugaban makaranta ya kira taro a ƙarƙashin darbejiyar bakin ofishinshi. Iyaye sun zo, magoya baya sun zo, Alhaji Sule ya zo da mutanenshi da ƙanen matar tashi, saye da rigar wasa kamar an riga an naɗa shi. Anka yi ta magana. Mafi yawa korar suke so, kuma ba duka ne 'yan rago ba. Akwai masu jin zafin gaske, don a shekara irin wagga ƙwallon ga ita kaɗai ta rage mana abin fita kallo.

Da aka zo kaina, na faɗi abin da na gani a fadama, duka, har da cewa gonar ta surukinshi ce. Wurin ya ɗauki guna-guni. Na ce Ibro ya yi kuskure da bai sanar da iyaye ba, kuma ba za ni wanke shi daga wannan ba. Amma na ce a duba benci. Manyan 'yan wasanmu na bara, wasu sun bi iyayensu cin rani, wasu sun kora dabbobi kudu. Waɗanda sunka rage da yunwa suke shiga fili. Ko daga ina aka ɗauko koci, cikin yaran ba za shi canza ba. Na roƙi a bar shi zuwa kaka mai zuwa. In Allah ya ba mu damina, yara sunka ƙoshi, ya kuma kasa, ni da kaina za ni ɗauke shi a babur in mai da shi Tozai.

Sannan na juya ga Alhaji na ce tunda Allah ya sa mashi son yaran ga, kuma ya hore mashi hatsi, ya riƙa ciyar da su ranar Alhamis, sai a daina zuwa gonar kowa. Ya yi murmushi ya ce magana ce mai kyau, za shi duba. Har yau yana dubawa. Rigunan ma ya aiko an karɓe, wai za a gyara lambobin, kamar babu tela a Isa.

Shugaban makaranta ya yanke cewa Ibro ya zauna zuwa kaka, da sharaɗin duk yaron da za shi je fadama sai da yardar ubanshi. Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai waɗanda sunka ɗauke ɗinkinsu daga shagona. Akwai masu cewa da ni da Ibro muna raba albasa. Wanda ya yi jifa da takalmi kuwa, in mun haɗu a masallaci sai ya canza sahu.

Kada ka ɗauka na sakankance, Yaya. Har yanzu ban san ko tausayin yara ne ya fara kai Ibro fadama ba, ko kuwa albasar surukinshi ce ta fara kiranshi tausayin ya biyo baya. Ban kuma san ko gwanin da ka gani a Tozai yana nan ba, ko fari ne kawai ya ba shi mafaka. Shi ya sa kowace Alhamis nike rufe shago in je in zauna a bakin gulbin, in ga iya aikin da sunka yi da iya abin da aka zuba masu. Ya san dalilin zuwana. Yakan shimfiɗa mani buhu in zauna.

Asabar da ta wuce munka je Sabon Birni. Sun sake cinmu, ɗaya da nema. Amma Ibro bai fidda Nasiru ba. Ɗanka ya yi gudu tun daga usur na farko har na ƙarshe, ya buga wata ta daki ƙarfen raga har 'yan Sabon Birni sunka yi tsit. A mota mutane na ta zagin koci, ni kuwa ina kallon yaron yana barci a kafaɗar abokinshi. Da munka iso gida ya cinye tuwonshi tas, ya miƙa ma innarshi kwano ya ce ko akwai saura. Ta juya baya don kada ya ga idonta, ta kankare mashi ƙanzon tukunya.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya yafe maka kurakuranka. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba mu damina mai albarka, ya nuna mana gaskiyar kowa tun muna da sauran ƙarfin gyarawa. In lokacinmu ya yi, ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da kai a inda babu fari.

Naka har kullum,
ƙanenka Umaru Tela, Isa.