Na'a-na'ar Gindin Katanga

Maigida,

Na fita aiki kana barci, ban so in tashe ka ba.

Na leƙa lambu na ga aikinka na jiya. Sannu da ƙoƙari. Da na ce ka duba min ciyawar gindin katanga, ruwa nake nufi ka ba ta. Kai kuwa jinin manoma, kana jin "ciyawa" sai ka ɗauko fartanya. Laifin bakina ne, ban kira ta da sunanta ba. Na'a-na'ar marigayiya Inna ce, reshe uku na tsinko a bayan ɗakinta. Shekara biyu ina lallaɓa ta har ta yaɗu ta rufe inda ruwan indararo ke zaizaye mana ƙasa.

Kada ka tayar da hankalinka, kuma kada ka sayo min wata. Na tona da yatsa, saiwar tana nan fara sol, ta bi ƙarƙashin ƙasa har bakin famfo. Aski kawai ka yi mata.

Rassan da ka tara na jiƙa su a bokiti. Kafin rana ta yi zafi ka shimfiɗa su a wurin, ka rufa musu ƙasa kaɗan, ka ba su ruwa. A kwance fa, ba a tsaye kamar dawa ba. Fartanya kuwa kada ka wahala nemanta, na ɓoye.

Nan da sati uku za ta dawo har ta fi da. Ka san Inna. Wa ya taɓa korar ta daga wuri ta tafi?

Uwargidanka