Na yi alkawarin zai bar tramol kafin godiyar kaka

Inna Kulu, ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Mijina Yoshiya masunci ne a tafkin Madarumfa. Shekarun baya kamyon, wato babbar mota, da ya ɗauko su daga Ɗan Issa ya kife, ƙashin bayansa ya taɓu. Likita a Maraɗi ya ɗora shi kan tramol, da shi yake iya shiga ruwa. Bana sabon likita ya ce a riƙa ragewa sannu-sannu, ya damƙa mini ƙwayoyin.

Maƙwabcinmu Idi, mota ɗaya suka faɗi, magani ɗaya suka sha. Shi tun tsakiyar damina ya bari, ga shi can yana kabu-kabu kamar ba shi ba. Da na ga haka sai na miƙe a zumuntar mata na ce ranar godiyar kaka, idan mun kai damin geronmu gaban majami'a, mijina zai tsaya ya ba da shaida ya rabu da ƙwaya. Aka yi guɗa, aka yi addu'a. Tsarin likita kuwa ya zarce kaka nesa, don haka na riƙa rage masa yadda matar Idi ta yi wa nata.

Inna, mutumin nan ya lalace. Gumi, gudawa, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace masa. Haushi nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Namiji har namiji yana kuka kan rabin ƙwaya! Na ce masa ai Idi ma ba ƙarfe ba ne. Tun ranar ya daina roƙona. Shekaranjiya ya ba ƙanensa Toma taru da kwalekwale kyauta, ya ce mini na kusa hutawa da shi. Yanzu yini yake bakin tafki yana kallon ruwa. Ranar godiya ta matso. Yaya zan ƙarfafa masa zuciya ya jure, kada mu ji kunya?

Matar masunci, Madarumfa

Ƴar'uwa, ajiye maganar kunya tukuna. Mutumin da ya rabar da kayan sana'arsa, ya ce kin kusa hutawa, mai yiwuwa ya fara tunanin kashe kansa. Yau ɗin nan ki kira Toma, kada a bar shi shi kaɗai, balle a bakin ruwa. Ku kai shi wurin likitansa, ki faɗi maganarsa yadda ya faɗe ta, da ainihin yadda kika rage maganin.

Na san alheri kika nufa, kuma shekarun jinya sun gajiyar da ke. Amma jikin Idi ba jikin Yoshiya ba ne. Wani yakan sauka cikin makonni, wani sai ya shekara, wani ma likita kan bar shi a kan ɗan kaɗan domin ciwon bai tafi ba. Ba ragwantaka kike gani ba, jiki ne da aka janye wa magani da gaggawa, ga ciwon baya a kai.

Kada ki mayar masa da tsohon adadi da kanki, sabon da jikinsa ya yi da maganin ya ragu, yana iya yi masa yawa. Kada kuma a sayo na masu sayar da magani a tebur. Likita ne zai gyara.

Ki roƙe shi gafara kan maganar Idi. Ranar godiya ki kai damin geronki, shi ma ya je, ko da da ƙwayarsa a aljihu. In mata sun tambayi shaida, ki ce musu mijinki yana da rai. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri.

Inna Kulu